Zauren Gwaggo: Tuwon gidanmu da miyar gidan surukai

Wasiƙun da suka iso wannan zaure a watan nan sun fi karkata ga abinci da neman aure da kuma saɓanin al'adu, saboda haka na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Surukata ta ce ina ƙyamar abincinsu

*Assalamu alaikum Gwaggo. Ni Bakanuwa ce, kuma ban daɗe da auren wani Bayarabe Musulmi ɗan Ibadan ba, wanda muka haɗu da shi lokacin da ya zo hidimar ƙasa a makarantar da nake koyarwa. Iyayena sun yi bincike, sun gamsu da addininsa da halinsa, suka ba shi. A makon da na tare, mahaifiyarsa ta kawo mini amala da miya iri biyu da hannunta, ta zauna tana jira in ci. Ni kuwa na durƙusa na yi godiya, na rufe kwanon na ajiye a gefe, domin a gidanmu ba a taɓa jin amarya ta ci abinci a gaban surukarta ba. Tun daga ranar ta rage sakar mini fuska, kuma na ji an ce tana faɗin wai ƙyamar abincinsu nake yi. Gaskiya ko bayan ta tafi, baƙin tuwon da yawan barkonon sun hana ni ci sosai. Yaya zan yi? Daga wata amarya a Ibadan.*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Abin da ya faru a ɗakinki ran nan tarbiyya biyu ce ta yi karo, kuma kowacce a cikinsu kyakkyawa ce a gidan da aka koyar da ita. Ke an raine ki a inda kunyar surukai take cikin manyan alamun 'yar mutunci, inda mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da uwar miji, balle ta kai loma baki a gabanta. Ita kuwa an raine ta a inda babbar mace idan ta shiga madafa da kanta ta dafa wa matar ɗanta abinci, to ta faɗa mata ke nan cewa ta karɓe ta, kuma amsar da take jira ita ce ta ga an wanke hannu an ci, an yaba, har a nemi ƙari. Kin ba ta mafi girman ladabin da kika sani, ita kuma ta karanta shi a matsayin an mayar mata da kyautarta.

Wanda nake ganin ya yi sakaci a nan shi ne maigidanki. Ya yi shekara guda a Kano, ya ga yadda kike sunkuyar da kai a gaban manya, kuma ya san halin mahaifiyarsa, don haka shi ya kamata ya zama tafinta tun kafin kwanon ya iso. Ki zaunar da shi cikin ruwan sanyi ki roƙe shi ya je ya bayyana mata cewa a wurinku rufe kwanon girmamawa ce, sa'an nan ke ma ki bi bayansa da kanki, domin bayanin ɗa kaɗai ba ya wanke matarsa a wurin uwa.

Batun abincin kuwa ya fi sauƙi fiye da yadda kike zato, domin kusan duk abin da ke cikin wannan kwano kin san shi tun kina yarinya. Amala doya ce da aka fere, aka yanyanka, aka ɗan turara a ruwan zafi, aka shanya ta bushe sa'an nan aka niƙa, kuma shanyar ce take ba ta wannan duhu da ya tsorata ki. Koriyar miyar mai yauƙi da suke kira ewedu ba wata aba ba ce illa lalo, wanda muke miyarsa a ƙauyukanmu da damina. Ɗayar mai ruwan ɗorawa, gbegiri, wake ne da aka cire wa ɓawo aka dafa har ya narke. Ƙamshin da kika ji a ciki na daddawa ne, daga kalwar ɗorawa guda da tamu, sai dai su suna barin ƙwayarta a warwatse da ɗanshinta, mu kuwa mukan kirɓa mu faɗaɗa mu shanya. Ƙosai da alale kuma kin tarar da su can suna jiran ki, da wasu sunaye.

Abin da ya raba tukunyarmu da tasu ruwan sama ne da ƙasa. Daminar Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, shi ya sa kakanninmu suka dogara da gero da dawa masu jure ƙarancin ruwa, suka ƙware wajen busar da kuka da kuɓewa da karkashi domin su kai su rani, suka sami nono da man shanu daga makiyayan da ke kewaye da su. A Kudu kuwa ruwa yana ɗaukar mafi yawan shekara, doya da kwakwar manja suna yabanya, ɗanyen ganye ba ya yankewa, amma ƙudan tsando ya daɗe yana hana kiwon shanu da yawa, saboda haka nono bai zauna a girkinsu ba. Kuma kada wani ya yi miki alfahari da tsantsar asali, domin barkonon da ya ƙona miki baki, da rogo, da tumatir, har da masarar tuwonmu da gyaɗar ƙuli-ƙulinmu, dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492, yawancinsu ta hannun 'yan kasuwar Fotugal. Tuwon masarar da muke ɗauka gadon kaka da kakanni shi ma baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari.

Shawarata ita ce ki je gidanta da safe, ki durƙusa a kan gwiwoyinki biyu, wanda dama haka matansu suke gaida manya, ki ce mata kin zo ta koya miki miyar da ɗanta ya fi so. Ban san uwar da za a yi wa wannan roƙo zuciyarta ba ta yi sanyi ba. A nan ne za ki sami damar cewa a rage miki barkono har bakinki ya saba, kuma idan duhun amalar ne ya dame ki, akwai farar da ake yi da garin rogo. Idan an sauke, ki zauna ki ci a gabanta ko da loma uku ce, ki danne kunyar, domin a wannan gida cin shi ne ladabin. Bayan kwana biyu ki sa maigidan ya kai ki Sabo, unguwar da Hausawa suke zaune cikinta a Ibadan tun 1916, ki sayo kayan haɗi ki yi mata masa da miyar taushe. Wani abu guda da za ki kiyaye shi ne, a al'adarsu amarya ba ta kiran 'yan gidan mijinta da ta tarar da sunayensu kai tsaye, ko da ƙananan yara ne, sai ta laƙaba musu sunan girmamawa. Wannan kam ba zai yi wa Bahaushiya wuya ba.

Zancenmu na da da na 'ya'yan yanzu

*Hajiya, ni dattijo ne daga ƙasar Katsina. Na nemi auren uwargidana a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Nakan goge kekena bayan sallar isha'i, in ɗauki abokina, mu tsaya a ƙofar gidansu mu aiki yaro ya ce ana sallama da ita. Sai a fito mana da tabarma da fitilar ƙwai, can ta fito da ƙanwarta ta zauna a bakin tabarmar tana wasa da gefen mayafinta, abokina ne yake yawancin maganar, ni sai murmushi. Idan za mu tafi in tura kuɗin zance ƙarƙashin tabarma, ba na miƙa mata a hannu. Ranar da ta aiko mini da fura mai yaji a ƙwarya sabuwa na san an karɓe ni. Yau jikata tana ƙuryar ɗaki tana dariya ita kaɗai da waya, ba mu san da wa take magana ba. Ashe namu bai fi ba?*

Baba, Allah ya ƙara girma, ya bar ku tare da uwargida. Shekarar da ka ambata 1973 ce, ka ga auren ya haura shekara hamsin ke nan, kuma duk wanda ya riƙe aure haka yana da bakin magana.

Na yarda da kai a kan babban abu guda. Zancenku a fili yake. Yaron da ka aika ya san ka, maƙwabcin da ya wuce ya ga kekenka, uban yarinya ya ji sallamarka daga turakarsa, kuma idan zuwan ya yi yawa ba a ga magabata ba, za a aiko a ce ka turo ko ka ɗauke ƙafa. Saurayin da unguwa duka ta shaida fuskarsa ba ya iya yaudarar yarinya ya ɓace, kuma ba ya iya neman 'yan mata biyar a layi ɗaya ba a gane ba. Waya ta zo ta kawar da waɗannan shaidu duka, har ya zamana yarinya tana iya shaƙuwa da mutumin da hotonsa ma ba nasa ba ne. Damuwarka a kan wannan tana kan hanya.

Amma Baba, ka yi mini afuwa in tuna maka da cewa kai kana cikin waɗanda aka aika wa fura. A wannan zamani naku akwai 'yan mata da yawa da ba a shimfiɗa wa kowa tabarma dominsu ba, sai dai su wayi gari su ji an ba da su, waɗansu su yi ta yaji har a gaji a raba, waɗansu su haƙura su zauna da ciwon a zuciya. Alhali kuwa hadisi ingantacce ne cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, kuma shirunta shi ne izinin, sa'an nan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da son ranta ba. Yarinyar da take iya cewa wannan nake so, wancan ba na so, ta sami wani abu da yawancin ƙawayen uwargidanka ba su samu ba.

Haka kuma kowane zamani da wayarsa. A naku akwai wasiƙar da ake ba ɗan makaranta ya kai a ɓoye cikin littafi, akwai gaisuwar zaɓi-sonka da ake aikawa Rediyon Kaduna a ji sunan masoyiya ya karaɗe Arewa, daga baya aka koma naɗar murya a kaset, kuma na tabbata dattawan lokacin sun ce duniya ta lalace. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, ba kuwa za ta koma ba, saboda haka abin nema shi ne yadda za a fito da mai kiran daga cikin waya a kawo shi zaure.

Kai kuwa kana da makamin da uban yarinyar ba shi da shi, wato wasan kaka da jika. Ka kira ta ka ce, amaryata, wane ne wannan da yake neman ƙwace mini ke, ki ce masa ya zo mu gwada ƙarfi. Abin da ba za ta iya faɗa wa mahaifinta ba saboda kunya, kai za ta faɗa maka cikin dariya. Idan ta ambaci suna, ka ce ya zo ya gaishe ka ranar Juma'a. Mai niyyar alheri zai zo, wanda kuma ya fara kawo uzuri mako bayan mako ya riga ya ba ku amsa.

Na sa goro a aljihu aka yi mini dariya

*Gwaggo, abokin aikina Ibo ne, ya gayyace ni bikin aurensa a wani ƙauye kusa da Inugu. Da muka zauna sai aka miƙo mini faranti da goro, ni kuma na ɗauki biyu na sa a aljihu na ce na gode, kamar yadda muke yi a ɗaurin aure. Wurin ya ɗauki dariya, wani tsoho ya girgiza kai. Laifin me na yi? Daga wani ma'aikaci ɗan Sakkwato.*

Ɗana, ba ka yi laifi ba, gaggawa ka yi. Akwai maganar da 'yan Najeriya suke yi cewa Yarbawa ne suke noma goro, Hausawa suke cin sa, Ibo kuma suke girmama shi, kuma abin da ya same ka ya gaskata ta. A wurinmu goro abin rabo ne, ana ba da shi a ɗaurin aure da suna da gaisuwar surukai, kowa ya karɓi nasa ya jefa aljihu, ba wanda zai dube shi. A wurinsu kuwa farantin da aka miƙo maka ba don ka ɗauka ba ne tukuna. Maigida yana gabatar da goron ne, sai a zagaya da shi hannu zuwa hannu bisa tsarin girma da dangantaka domin kowa ya gani ya taɓa, har ya komo wurin wanda ya cancanci fasawa, yawanci mafi tsufa a wurin ko maigidan kansa. Shi zai ɗaga shi ya yi addu'a da harshensu, ya fasa, sa'an nan a raba. An nuna maka shi ne domin kai baƙo ne mai daraja, kai kuma ka tsare shi a kan hanya.

Goron ma ba iri ɗaya ba ne. Namu, wanda fatakenmu suka yi ƙarnoni suna ɗaukowa daga Gwanja ta kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau, ɓari biyu yake rabuwa. Nasu shi ne wanda muke kira hannun-ruwa, mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, kuma suna duba adadin ɓarin bayan an fasa. Huɗu abin farin ciki ne a wurinsu, domin ya dace da ranakun kasuwarsu huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo. Abin da zai ba ka dariya shi ne, da ka ɗan jira, da su da kansu za su ba ka guda ka sa a aljihu, domin suna da al'adar ba baƙo goro ya kai gida ya zama shaidar inda ya je.

Idan an sake gayyatar ka, ka taɓa farantin da hannun dama ka miƙa gaba. Za ka ga amarya ta ɗauki ƙoƙon bammi tana neman angonta cikin taro, wanda shi ne ƙololuwar bikin, kuma idan an miƙo maka naka ka ce kai Musulmi ne, za a kawo maka lemo ba tare da kowa ya ji haushi ba. Ka tambayi wanda ya yanka naman kafin ka ci, amma kada ka baro Inugu ba ka ɗanɗani okpa ba, wanda alale ne na garin gurjiya da manja, kuma yana riƙe ciki tun safe har azahar.

Dangin mijina suna tsokanata

*Gwaggo, ni Bafulatana ce daga Adamawa, mijina Babarbare ne. Duk ranar da danginsa suka zo sai su ce wai ban iya komai ba sai dama fura, wai sun sayo baiwa. Abin yana ƙona mini rai. Daga wata matar aure a Maiduguri.*

'Yata, share hawayenki, wannan tsohon wasa ne da ya girmi kakanninki, irin wanda yake tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa. Fulani da Barebari kowannensu yana kiran ɗayan bawansa, kuma ƙa'idar wasan ita ce ba a fushi, ramawa ake yi. Al'ada ce mai daraja, har hukumar UNESCO ta sanya irinta ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya abin adanawa a 2014. Shirun da kike yi shi ne yake sa su ƙara, saboda haka ranar da suka sake cewa sun sayo baiwa, ki ce musu ai ke kika zo duba bayin gidanku, ki ga ko suna aiki. Sai fa idan kin lura wata tana fakewa da wasan tana cusa miki magana a kan iyayenki ko haihuwa, to wannan ya fita daga wasa, kuma maigidanki ne zai tsawatar.

Ta fuskar girki kuwa, ki yarda kin faɗo gidan gwanaye. Ki nemi wata dattijuwa cikin dangin ta nuna miki yadda ake turara burabusko ya yi washar-washar, da yadda ake zuba ƙullun sinasir a rufe shi ya nuna ta fuska ɗaya ba a juya ba, da yadda ake barin naman danderu a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya saki ƙashi, ki haɗa da sirrin turaren wuta da humra tun da kina bakin rijiyar. Ranar da kika kammala, ki gayyace su duka, ki jera musu nasu, sa'an nan ki kawo damammiyar furarki da kindirmo da man shanu a ƙarshe, ki tsaya ki ƙirga waɗanda za su nemi ƙari.